Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Auna Damarsa ta Samun Gurbi a Jami'ar Legas

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a ya fito, tambaya guda ce ke yawo a ƙofar masallatan Agege da Idi-Araba da Obalende: "Malam, yaron nan ya ci kaza, zai samu?" Mai tambayar yakan miƙo waya da saƙon makin a buɗe, yana jiran a ce masa i ko a'a kafin a tayar da salla. Bara waccan wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya tare ni da irin wannan tambaya. Ɗansa ya ci 262, yana neman likitanci a Jami'ar Legas da ke Akoka, kuma tuni maƙwabtan rumfa sun fara yi wa uban barka. Na ce masa, "Alhaji, kafin in ce komai, a kawo mini sakamakon WAEC ɗinsa." Ya dube ni da mamaki, ya ce ai an wuce nan, yaro ya samu kiredit biyar tun tuni. Da takardar ta zo sai ga C5 biyu da C6 uku, wato matakan kiredit na ƙasa-ƙasa, a darussan da ake buƙata. Ban so in ɓata masa rai a gaban jama'a ba, sai na nemi biro da takarda muka koma gefe, domin lissafin da zan nuna masa ya fi bakina iya bayani.

Wannan lissafi shi ne abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani tun yana ajin SS1, tun kafin a zo ranar da gyara zai gagara.

Mataki na farko: a koyi yadda ake haɗa makin

A shekarar 2025 sama da mutum miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A wannan shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a a faɗin ƙasa, amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma Jami'ar Legas ta daɗe tana tsayawa a kan 200, tare da sharaɗin cewa ɗalibi ya sa ta a zaɓinsa na farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar 200 ɗin nan a matsayin makin samun gurbi, alhali iyakar abin da yake yi shi ne ya ba ɗalibi izinin shiga layin tantancewa.

A tsarin da jami'ar ke bi a shekarun nan, ana auna ɗalibi ne da maki 100 da aka haɗo daga wuri uku. Jarrabawar JAMB tana da 50, kuma ana samun kason ɗalibi ne ta hanyar raba makinsa gida takwas. Jarrabawar tantancewa ta jami'ar, wadda kowa ke kira Post-UTME, tana da 30. Sauran 20 ɗin daga sakamakon WAEC ko NECO suke fitowa, a darussa biyar da suka shafi kwas ɗin da ake nema: A1 tana kawo maki 4, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 kuma 2.

To, mu koma ga ɗan mai albasa. Idan aka raba 262 gida takwas, za a samu 32.75. C5 biyu da C6 uku sun ba shi 10.8. Ko da zai cinye jarrabawar tantancewa kaf, ya samu 30 cif, jimillarsa 73.55 ce, alhali makin da ake yankewa a likitanci bisa cancanta yakan haura 80. Wato tun kafin ya zauna tantancewar, wannan ƙofa ta riga ta rufe. A kwatanta shi da yarinyar da ta ci 262 ɗin nan dai, amma ta zo da A1 biyu, B2 biyu da B3 ɗaya: ita tana da 18.4 daga WAEC, ta fi shi da maki 7.6, kuma kafin ya cike wannan giɓi ta hanyar JAMB sai ya ƙara kusan maki 61 a kan abin da ya ci.

A nan hikimar take. Maki takwas na JAMB daidai suke da maki ɗaya a jimilla. Ɗaga darasi guda daga C6 zuwa A1 ya yi daidai da ƙarin maki 16 a JAMB, kuma tazarar da ke tsakanin mai C6 biyar da mai A1 biyar daidai take da maki 80 na JAMB. Maki ɗaya tak a jarrabawar tantancewa shi ma takwas ne na JAMB. Wanda ya fahimci wannan ba zai sake cewa "in dai na samu kiredit shi ke nan" ba.

Mataki na biyu: a san ƙofar da za a bi

Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, kowa da kowa ke takara a kai ba tare da duba jiha ba. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, waɗanda ga Jami'ar Legas su ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Kashi 20 kuma an ware shi ga jihohi 23 da ake lissafawa a matsayin waɗanda aka bari a baya a karatun boko, wato dukkan jihohin Arewa 19 tare da Bayelsa, Kuros Riba, Ebonyi da Ribas.

Abin da ke ruɗar iyaye a nan shi ne, jihar asali ake dubawa, ba wurin zama ba. Yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a nan, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, muddin takardunsa sun ce ɗan Katsina ne ko Sakkwato, to ba ya cikin kason kashi 35. Ƙofofinsa biyu ne: ta cancanta da ta kashi 20. Wannan ta biyun ba kyauta ba ce, domin dole sai ya cika duk sharuɗɗan jami'ar, sannan ya yi takara da 'yan sauran jihohi 22, amma dai ƙofa ce, kuma na sha ganin ɗalibanmu ba su ma san da ita ba. Idan kuma aka juya lissafin, ɗan asalin Kano da ya nemi Jami'ar Bayero yana da ƙofa uku, haka ma ɗan Sakkwato ko Kabi ko Zamfara da ya nemi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Iyalin da ke da dangin da za su riƙe yaro a gida ya dace su sa wannan a ma'auni tun da wuri, maimakon su tuna da shi bayan an gama rabon gurabe.

Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda aka kafa a 1983, hukuncinta daban ne. Ta gwamnatin jiha ce, tana fifita 'yan asalin jihar, kuma tana da tsarin tantance masu da'awar asalin. Kusancinta da kasuwar Alaba Rago, matattarar Hausawa, yana sa mutanenmu su ɗauka ta fi sauƙin shiga, alhali tana sahun gaba a jerin jami'o'in da aka fi nema a ƙasar nan.

Akwai gidajen Hausawa da suka yi kaka da kakanni a Legas kuma suna da takardun asali na halas. Waɗannan sai su bi hanyarsu. Wanda kuwa ba haka yake ba, kada ya yarda wani ya yi masa takardar bogi, domin ana bincika takardu a lokacin rajistar shiga, kuma ana iya karɓe gurbin da aka riga aka bayar. Abin yi shi ne a nemo takardar shaidar asali daga sakatariyar ƙaramar hukumar mahaifi. Sau da yawa sai an bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, saboda haka a haɗa wannan aiki da tafiyar salla ko wani biki a gida tun yaro yana SS2, kada a bari sai jami'a ta ba da wa'adin mako biyu sannan a fara neman motar Kano.

Mataki na uku: a daidaita darussa da kwas tun daga SS1

Kowane kwas yana da darussan JAMB huɗu da aka ƙayyade masa, Turanci kuma dole ne ga kowa. Likitanci yana buƙatar Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci yana buƙatar Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai neman lauya ba zai tsallake Adabin Turanci ba, mai neman akanta kuma sai da Lissafi da darasin Tattalin Arziki. Hukumar JAMB tana wallafa kundin waɗannan sharuɗɗa da manhajar kowane darasi kyauta a shafinta na intanet, kuma ban da sharaɗin bai-ɗaya, kowace jami'a tana da nata ƙarin bayani a ƙarƙashin kwas ɗin, wanda shi ne ya fi muhimmanci a karanta. Ɗalibin da ya ci 300 da haɗin darussan da bai dace ba, makinsa ba zai amfane shi a wannan kwas ba.

Larabci da Hausa da Ilimin Addinin Musulunci duk darussa ne a JAMB, kuma yaron da ya yi Islamiyya da kyau yana iya cin maki mai yawa a cikinsu idan kwas ɗin da yake nema ya yarda da su. Sai dai a duba kundin tukuna, kada a zaɓe su don sauƙi kawai.

Sharaɗin da ya fi kayar da ɗalibai a Jami'ar Legas shi ne na zama ɗaya: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a jarrabawa guda. Jami'o'i da yawa suna karɓar haɗin WAEC da NECO a wasu kwasa-kwasai, amma a nan ba a cike giɓin wannan da wancan. Don haka wanda ke da hali ya yi rajistar jarrabawar biyu, ya shiga kowacce kamar ita kaɗai gare shi, daga baya ya gabatar da wadda ta fi kyau.

Mataki na huɗu: a gyara takardu kafin a buɗe rajista

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma daga rumbun wannan lamba ake jawo sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa. Matsalarmu a nan sananna ce. Malamar firamare ta rubuta Aishat, a katin ɗan ƙasa an sa Aishatu, a WAEC kuma Aisha. Wani Muhammad ne a nan, Mohammed a can, ko kuma sunan kaka ya zama na uba a wata takardar. Ga kuma ranar haihuwar da aka ƙirƙira a gaban jami'in rajista don ba a zo da takardar haihuwa ba. A shimfiɗa takardar haihuwa da ta NIN da bayanin da makaranta za ta tura wa WAEC a kan tabarma ɗaya, a duba su harafi bayan harafi, in akwai saɓani a fara gyara tun a zangon farko na SS3, domin gyaran suna a ofishin katin ɗan ƙasa ba aikin kwana ɗaya ba ne. A kuma lura da shekaru: ƙa'idar yanzu ita ce ɗalibi ya cika 16 kafin a ba shi gurbi.

Sai layin waya. Da shi ake tura kalmar NIN da lambobinta 11 zuwa 55019 ko 66019 a karɓi lambar buɗe rajista, ta kansa ake duba sakamako, kuma ta kansa hukuma ke aiko da saƙo. Ya zama layin gida ne da ba zai ɓata ba, kada ya zama na mai shagon intanet ko na wani yaya da zai tafi Arewa da damina. A 2025, lokacin da shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon mutum 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, cikin 'yan kwanaki aka kira su sake jarrabawa, kuma saƙon waya na daga cikin hanyoyin da aka sanar da su. Wanda layinsa ke hannun wani a irin wannan rana, sai dai Allah ya kiyaye.

Mataki na biyar: rajista da zaɓin makaranta

Rajista takan kama a farkon shekara, jarrabawa kuma wajen watan Afrilu. A cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da hukuma ta amince da ita kaɗai ake yi, kuma ɗalibi da kansa zai je, domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kafin ma'aikacin cibiya ya danna aikawa, ɗalibi ya karanta allon da idonsa: suna, jiha, ƙaramar hukuma, darussa huɗu, kwas, makaranta. Layi yana da tsawo, ana yi wa mutum tsawa ya yi sauri, amma minti biyu na dubawa sun fi watanni na zirga-zirgar gyara. Na taɓa raka wata ɗaliba da aka sa wa jihar Neja a maimakon Nasarawa, ba ta gani ba sai da muka dawo gida.

A yi rajista da wuri saboda garin jarrabawa. Idan guraben yankin da ke kusa suka cika, ana iya jefa ɗan Agege can wani gefen gari, kuma duk wanda ya san cunkoson Legas ya san abin da hakan ke nufi ga mai jarrabawar sassafe.

Game da zaɓi kuwa, fom yana ba da damar sa makarantu fiye da ɗaya, amma manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su a na biyu. Zaɓin farko shi ne ainihin zaɓi. A ra'ayina, ɗalibi ya zauna da malamin da ya san ƙoƙarinsa, ba wanda zai faranta masa ba, su duba makin da jami'ar ta yanke a kwas ɗin cikin shekaru biyu ko uku da suka wuce, su kwatanta da abin da yake ci a gwaji. Likitanci da lauya da harhaɗa magunguna da aikin jinya da kimiyyar kwamfuta su ne inda aka fi cunkoso. Na san yaran Idi-Araba da yawa sun tashi suna kallon katangar asibitin koyarwa da ɗaliban likitanci masu fararen riguna, kuma buri ne mai kyau, sai dai buri yana buƙatar alƙaluman da za su ɗauke shi.

Mataki na shida: shiri da ranar jarrabawa

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ɗalibai da yawa sun san amsa, lokaci ne ke cinye su, musamman a Lissafi da Fiziks. Maganin wannan shi ne a bi manhaja babi-babi, a riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba, kuma bayan kowane gwaji a koma kan waɗanda aka faɗi a gano dalili. Haddar amsoshi ba ta kai mutum ko'ina, domin ana juya tambaya. A Turanci akwai littafin da hukuma ke ƙayyadewa a karanta, da sashen furuci da yaranmu suka fi raina wa, alhali maki ne a ajiye ga wanda ya ba shi mako biyu.

Wanda bai saba da kwamfuta ba ya yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ya kuma koyi amsawa da maɓallan A, B, C, D, da N na zuwa gaba da P na komawa baya. A shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin shiri, kuma abin da na ga ya fi yi wa ɗalibai amfani shi ne karatun bayan sahur zuwa hantsi, a bar maimaici mai sauƙi zuwa la'asar. Iyaye kuma su sassauta wa yaro zaman shago ko rumfa na waɗannan watanni uku, tunda WAEC tana biyo bayan JAMB kai tsaye ba tare da hutu ba.

Ga 'yan mata akwai gargaɗi na musamman: lalle. Sai an tantance zanen yatsa kafin a shiga ɗakin jarrabawa, kuma hukumar da kanta ta yi gargaɗin cewa lalle a kan yatsu yana hana na'ura ganewa. Lallen salla ko na biki yakan yi makonni bai fita ba. A haƙura da shi daga lokacin rajista har a gama, in ya so a rama daga baya.

Da an fitar da takardar da ke nuna cibiya da rana da lokaci, a buga ta, a je a ga wurin da ido kafin ranar. Idan da nisa, gara a kwana gidan ɗan'uwa a kusa. Ba a shiga da waya ko agogo.

Mataki na bakwai: bayan sakamako, a sake lissafi

Da maki ya fito, a raba shi takwas, a ƙara abin da WAEC ta bayar ko abin da ake kyautata zaton za ta bayar, a cire jimillar daga makin da aka yanke bara. Abin da ya rage shi ne abin da ake buƙata a jarrabawar tantancewa. Idan ya haura 30, babu hanya, sai a canza. Idan ya kama 27 zuwa 30, hanya ce siririya ƙwarai. Idan 20 zuwa 24 ne, to akwai kyakkyawan fata ga mai shiri. Hukumar JAMB tana buɗe damar canza kwas ko makaranta a kan kuɗi kaɗan a cibiyoyinta, kuma dole a yi wannan kafin jami'ar da ake son komawa ta rufe rajistar tantancewarta. Nan ne girman kai ke cutar da mutane: yaro ya ƙi sauka daga likitanci zuwa wani kwas na kimiyya da makinsa ya isa, uba ya ƙi saboda an riga an faɗa wa dangi, shekara ta wuce a banza.

Jarrabawar tantancewa ta Jami'ar Legas a shekarun nan ta intanet ake yinta, da kwamfuta mai kyamara, ana sa ido a kan ɗalibi daga nesa, kuma takan ƙunshi Turanci da Lissafi da tambayoyin sanin yau da kullum. Gajeriya ce, amma ka tuna kowane maki nata takwas ne na JAMB. Wanda ke zaune a gidan haya mai yawan jama'a ya nemi ɗaki shiru tun da wuri, inda ƙane ba zai leƙo ba, wani ba zai gitta ta bayansa ba, domin motsin da ba a gane ba yana iya sa a zarge shi da maguɗi. A cika batir, a tanadi layin intanet na biyu, a gwada komai kwana ɗaya kafin lokaci. Kuma a karanta sanarwar jami'ar ta wannan shekarar daga shafinta, tun daga farko har ƙarshe, domin ranaku da wasu ƙa'idoji suna sauyawa.

Mataki na takwas: shafin CAPS

Tun 2017 duk wani gurbi na halas ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake bi, wato shafinta na intanet da ake raba gurabe a kansa. Jami'a ce ke gabatar da suna, hukuma ta amince, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Abu biyu ne ke wuyan ɗalibi. Na farko, ya tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin, a cibiyar da aka amince da ita ko a ofishin hukumar da ke Ikoyi. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, ya fito bai koma ya ɗora ba, ba za a duba shi ba ko da ya fi kowa maki, kuma ɗorawa a shafin jami'a ba ta wadatar da wannan. Na biyu, ya riƙa leƙa shafin a kai a kai, domin idan gurbi ya fito akwai wa'adin makonni huɗu na karɓa. Wani lokaci jami'a takan yi tayin mayar da ɗalibi wani kwas, shi ma a nan zai gani ya amsa. Kada a ba kowa kalmar sirrin shafin, kuma a yi shawara a gida kafin a danna karɓa, don da an karɓa an fita daga kasuwa.

A wannan tsakani ne masu "ina da hanya" ke fitowa, wani ya ce zai ƙara maki, wani ya ce yana da mutum a ciki. Gurbin da bai bayyana a CAPS ba, ba gurbi ba ne, kuma matsalarsa takan fito ne a ƙarshe, lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Wanda ya samu sai ya buga takardar gurbi ta JAMB, ya haɗa asalin takardunsa, ya shirya kuɗin rajista. Ɗakunan kwana a Akoka ba sa isa, amma jirgin ƙasa na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Mushin da Yaba, abin da ya rage wa mai zuwa daga gida wahala. Akwai kuma asusun lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Idan ba a samu ba

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Hanyoyin da suka rage uku ne. Akwai karatun share fage na kusan shekara guda, JUPEB da Jami'ar Legas ke cikin masu gudanarwa, ko IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, waɗanda ke kai mai sakamako mai kyau aji biyu kai tsaye. Suna da tsada, kuma a kwasa-kwasan da ake rububi gurabensu kaɗan ne. Akwai difloma a Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ke nan tun 1947, daga nan a nemi shiga jami'a kai tsaye ko a ci gaba da babbar difloma. Sai kuma sake zama, wanda ba shi da amfani sai an gano abin da ya kayar da mutum a karon farko an gyara shi.

Ɗan mai albasa wannan ta ukun ya zaɓa, bayan uban ya yi kwana biyu yana juya maganar. Muka sake zama da biro. Tunda C5 da C6 ne suka ja shi ƙasa, zai sake rubuta jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, duka darussan a zama ɗaya. Muka sa masa 82 a matsayin abin hari. Idan ya samu B2 a darussa biyar, yana da 18. Idan ya ci 25 a tantancewa, sun zama 43. Saura 39, wanda idan aka ninka sau takwas ya ba da 312 a JAMB, ƙarin maki 50 ke nan a kan abin da ya ci da farko. Uban ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce daga ranar Asabar zai nemo wani yaron ya riƙa tsare masa rumfa da safe.